Keken Ƙarfen Malama

A layin makanikai babu wanda bai san Tartsatsi ba. Mai walda ne, shagonsa na ƙarshe kafin a kai kwalbati, rumfar kwano ce kawai da ƙyauren gidaje da tagogin ƙarfe a jingine suna jiran masu su. Ba daga aikin kaɗai ya samo sunan ba. Mutum ne mai zuciya a kusa, kafin ka rufe baki ya riga ya kama da wuta. In ka kawo masa aiki ka ce a sa siririn ƙarfe don abin ya zo da sauƙi, sai ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa, ya dube ka daga takalmi zuwa hula, ya ce ka kwashi kayanka ka kai wa tela. Mutane suna zaginsa a bayan ido, gobe kuma su dawo, don ƙyauren da ya haɗa sai dai gida ya rushe ya bar shi a tsaye.

Abin da ya fi ba 'yan cocinsu mamaki shi ne, yadda yake yi wa masu kawo aiki magana haka yake yi wa Allah. A taron addu'a na tsakiyar mako kowa yakan sassauta murya ya zaɓi kalmomi masu kyau, kamar mai neman aiki a ofis. Shi kuwa in layi ya zo kansa sai ya miƙe da hannuwansa masu tabon ƙuna, ya fara kamar ɗan da ya dawo gida ya tarar ba a ajiye masa abinci ba. Shekarar da ruwa ya shiga shagunan layinsu ya lalata injuna, cewa ya yi Ubangiji ya zo ya ga ɓarnar da ruwansa ya yi, ya kuma faɗa musu abin da za su ci. Matasa suka toshe baki suna dariya. Dattawan ikilisiya suka kira shi gefe suka ja masa kunne, ya ce ya ji, mako na gaba ya maimaita.

A wurin mahaifinsa ya koyi wannan, ko da yake mahaifin bai taɓa ɗaga wa ko kaza murya ba. Mai gadin makaranta ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Duk lokacin da Tartsatsi ya shigo gida yana huci, an yi masa rashin adalci a waje ko a cikin gidan, tsohon yakan zauna a kan benci ya bar shi ya yi ta zuba har muryarsa ta dushe. Sannan ya miƙa masa kofin ruwa ya ce ya zauna su ga yadda za a yi. Bai taɓa korarsa ba, bai taɓa ce masa ya je ya gyara bakinsa ya dawo ba. Saboda haka da aka koya masa a coci cewa Allah Uba ne, kuma yana ƙaunar 'ya'yansa, bai ga wani abu mai wuyar ganewa ba. Ya san uba, ya san abin da ake iya faɗa masa.

Matarsa kuwa, wadda kowa yake kira Malama, 'yan aji ɗaya take koyarwa a firamare, ita ce kuma mai ba da waƙa a zumuntar mata. 'Yar siririya ce, maganarta ƙasa-ƙasa. Yadda aka yi ta auri wannan wutar daji, har yau danginta ba su gama tattaunawa ba. Kowace safiya kafin su fita sukan zauna a bakin gado su yi addu'a, tana riƙe da hannunsa na dama. In ya fara wuce gona da iri sai ta ɗan danna babban yatsansa, kamar mai taka birki. In ya kai ƙarshe sai ta matse yatsan da kyau. Wannan ce amin ɗinta, kuma ba ya tashi sai ya ji ta. Ta sha tsokanarsa cewa Allah fa ba kurma ba ne. Shi kuma ya ce ya sani, ai baƙo ake yi wa magana a hankali, shi ɗan gida ne.

Haka suka yi rayuwarsu har furfura ta fito, suka aurar da 'yarsu guda zuwa wani gari. Sai wata safiya Malama tana gaban allo, alli ya suɓuce daga hannunta, ta bi shi ƙasa. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Ya ce a riƙa kawo ta gashi da motsa gaɓoɓi, a riƙa fitar da ita ta ga mutane, amma kada a sa rai da yawa cewa za ta sake takawa.

Tartsatsi ya duba kekunan guragu da ake sayarwa a bakin asibiti, ya girgiza ɗaya, ya ce wannan ko ramin farko na titinsu ba zai tsallake ba. Ya koma shago ya ture aikin mutane gefe. Ya yanka bututun ƙarfe mai kauri ya lanƙwasa, ya sa tayoyin keke a baya, ƙananan tayoyin janareta a gaba. Ya ɗauko takalminta daga gida ya auna wurin ɗora ƙafa. Ya yanka katifa ya yi mazauni, ya goge duk inda walda ta bar kaifi don kada ya kama mata zane. A ƙarshe ya shafa masa shuɗin fenti, kalar zanen zumuntar mata. Keken ya yi nauyi kamar ƙofar banki, amma ya tsaya daram. Ya turo shi gida da yamma yana jin daɗi, abin da ba kasafai yake nunawa ba.

A tsakar gida ya tarar da Yaya. Yayan Malama ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya sa ta a makaranta da kuɗin tuƙin mota. Yanzu dattijon ikilisiya ne kuma shugaban ƙungiyar addu'a. Yana son ƙanwarsa, wannan babu mai musu, kuma tun da ta kwanta yake azumi har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya ga keken sai fuskarsa ta canza.

"Ƙanena, mene ne wannan ka kawo mana?"

Tartsatsi ya ce keke ne, don a riƙa kai ta asibiti da coci.

"Mu muna roƙon Allah ya ɗaga ta, kai kana ƙera mata mazaunin dindindin? Ranar da ta hau wannan, ka gaya wa Ubangiji ke nan ka yarda da ciwon. Da ƙafarta za ta shiga coci. Ka fitar da shi daga gidan nan."

'Yan ƙungiyar da ke tare da shi suka gyaɗa kai, wata ta ce ai abin da mutum ya shirya wa shi yake samu. To a nan ne abin haushin yake. Tartsatsin da bai taɓa sauka wa kowa ba, wanda yake yi wa Mahaliccinsa gardama a gaban jama'a, sai jikinsa ya yi sanyi. Tsoro ne ya kama shi. In fa gaskiya ne? In fa hannunsa ne zai tare wa matarsa waraka? Ya juya keken ya mayar da shi shago, ya jefa shi bayan rumfa inda ake tara guntayen ƙarfe. Fasto, wanda matashi ne kuma bai daɗe da zuwa ba, ya ji labari ya ce shi dai bai ga laifin keke ba. Amma a hankali ya faɗa, kuma ba a gaban Yaya ba.

Daga nan Malama ta zama 'yar ɗaki. Zuwa gashi ya zama aiki, sai an nemo mota an ciccibe ta kamar buhu, a hankali aka rage zuwa, aka daina. Coci kuwa babu maganarsa sai ranar da za ta taka. Kowace Lahadi ƙararrawa takan shigo ta taga ta same ta a kwance, tana kallon silin da fankar da ba ta juyawa in babu wuta. Damina ta zo ta wuce a haka.

'Yan ƙungiyar addu'a suna zuwa duk mako, su cika ɗakin har numfashi ya yi wuya. Su yi waƙa, su tsawata wa ciwon, sannan mutum biyu su kama ta ta hammata su tsayar da ita, a ce mata ta taka cikin sunan Yesu. Wata rana Yaya ya ce a sake ta, bangaskiya ba ta son a riƙa tallafa mata. Aka sake ta. Ta naɗe ta zube a kan tabarma, gwiwarta ta bugi ƙafar gado. Tartsatsi yana tsaye a bakin ƙofa ya dunƙule hannu har jijiyoyi suka tashi. Mutumin da yake tashin layi guda a kan an taɓa masa guduma, an yar da matarsa a ƙasa ya yi shiru.

Da abin ya ƙi, sai aka fara neman mai laifi. Tunda Allah ba ya ƙarya, in ji su, to matsalar tana wurin mai ciwon. Wataƙila akwai wanda ba ta yafe wa ba. Wataƙila akwai abin da ta ɓoye. Suka zauna a gefen gadonta suna jero mata sunayen mutane, abokiyar aikinta, maƙwabciya, har surukarta da ta daɗe a kabari, suna cewa ta tuba ta saki zuciyarta. Matar da ba ta iya haɗa kalma uku a jere, ita ake tuhuma, kuma ba ta da bakin kare kanta. Hawaye yana bin gefen fuskarta yana shiga kunne, su kuma suna cewa alhamdu, zuciya ta fara narkewa. Bayan wannan masu zuwa suka fara raguwa, don babu mai son ya daɗe a inda addu'arsa ba ta ci ba.

Wata safiya Tartsatsi ya zauna a bakin gado kamar kullum, ya miƙa hannu ya kama nata na hagu, mai lafiyar. Sai ta janye shi ta tura ƙarƙashin zane. Ya ɗauka ciwo ne yake damunta, ya yi addu'arsa shi kaɗai, ya jira amin bai samu ba. Gobe haka, jibi haka. Ran nan ya kasa haƙuri ya tambaye ta abin da ya yi mata. Ta daɗe tana kokawa da harshenta kafin maganar ta fito, a karkace.

"Bari. Ya ƙi ni."

Ya tambaye ta wa. Ta ɗaga ido sama, sannan ta juya fuskarta ga bango.

Bai san yadda ya isa shago ba. Bai kunna inji ba, bai sa rigar aiki ba. Ya tsaya a tsakiyar rumfa ya ɗaga murya, har makanikan da ke kusa suka leƙo suna zaton wani mai kawo aiki ne ya shiga uku.

"Ka ji abin da ta ce? Matar nan tun tana budurwa take yi maka waƙa. Ni ne mara kunya, ni ya kamata ka kwantar, ka bar ta. In ba za ka ɗaga ta ba, ikonka ne, ba ni da yadda zan yi da kai. Amma ba za ka bar ta ta mutu tana zaton ka ƙi ta ba. Wannan kam ban yarda ba. Kai ka ce kai Uba ne, ba ni na laƙaba maka ba."

Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe. Babu abin da ya amsa masa sai ƙarar guduma daga shagon mai gyaran bodin mota. Ya ɗauki jarkar ruwa ya kafa kai, ya zauna a kan tsohuwar taya yana haki. Daga inda yake zaune yana hango bayan rumfa. Ga keken can a kife, tsatsa ta cinye shuɗin fentin, ciyawa ta fito ta tsakanin wayoyin taya, katifar ta ruɓe. Ya daɗe yana kallonsa, kunya da haushin kansa suna cinsa. Sannan ya tashi ya jawo shi, ya ce a fili, to shi ke nan, zai kawo wa Allah ita har gida ya dube ta da kyau.

Sauran kwanakin makon a kan keken suka ƙare. Ya kankare tsatsa, ya sa sabuwar katifa, ya sake fenti. Masu jiran ƙyaurensu suka zo suka yi faɗa, ya ce su kai shi ƙara.

Ran Lahadi da safe maƙwabciyarsu ta taimaka aka yi wa Malama wanka, aka ɗaura mata zanen zumunta. Da ta ga keken a bakin ƙofa ta gane inda aka nufa, sai ta shiga girgiza kai tana ture shi da hannun hagu. Ya durƙusa a gabanta ya ce ya ji, tana fushi da Allah, kuma tana da dalili. Amma ba a fushi da uba ta bayan bango. Ta je gidansa ta nuna masa fuskarta. Ya ɗauke ta ya zaunar, ya gyara mata ƙafar da ba ta ji a kan matakin da ya auna da takalminta.

Titin bai canza ba, ramuka da kwata da masu shago suna ɗaga ƙyaure. Hasken rana ya sa ta runtse ido, don ta manta da shi. Mai kanti ya gaishe ta, wata uwa ta tsayar da 'ya'yanta ta ce su gai da malamarsu. Ita dai kanta a sunkuye, hannunta a cikin zane.

Cocin yana da matakala masu tsawo a gaba, kuma a samansu Yaya yake tsaye yana tarbar mutane. Da ya hango su sai ya sauko da sauri, idonsa ya yi ja.

"Ƙanena, ka san abin da ka yi kuwa? Duk azumin da muka yi ka zubar a ƙasa. Na yi wa Allah alkawari da ƙafarta za ta shiga nan."

"Kai ka yi alkawari, Yaya, ita aka kulle a ɗaki," in ji Tartsatsi. Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba mutane tsoro ke nan. "Ranar da kuka sake ta ta faɗi, ni na wanke jinin gwiwarta, kuma na yi shiru, Allah ya yafe mini. Ka san abin da ta ce mini? Ta ce Allah ya ƙi ta. A bakinmu ta koyi wannan. Sai ta tashi sannan za ta zama 'yarsa? To yanzu da take zaune, 'yar wace ce?"

Yaya ya dubi ƙanwarsa, ita ba ta ɗago ba. Ya juya ya haye ciki. Tartsatsi ya tsaya da keken da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a gindin matakala, yana tsine wa kaurin ƙarfen da shi da kansa ya zaɓa. Matan zumunta ne suka ajiye jakunkunansu suka sauko, suka kama keken ta ko'ina, suna nishi suna ba juna umarni, har suka kai ta ciki suka ajiye ta a ƙarshen bencinsu, inda ta saba tsayawa ta ba da waƙa.

Aka yi waƙoƙi, bakinta bai motsa ba. Aka yi wa'azi, ba ta ɗago ba. Da aka zo addu'a domin marasa lafiya, Fasto ya dubi Yaya, don shi ya saba yi, Yaya kuwa ya kafa ido a ƙasa. Tartsatsi bai jira a kira shi ba. Ya taso ya durƙusa a gefen keken, ya ɗora hannunsa na dama a kan ƙarfen hannun keken.

"Uba, ga ta na kawo maka. Ba ta tashi ba, kana gani. Mun roƙe ka ƙafa ba ka bayar ba, kuma ban ji daɗi ba, gara in faɗa maka. Gobe ma zan sake roƙo. Amma yau ba ƙafa na zo nema ba. An gaya mata ka juya mata baya, ni kuma na san ƙarya ne, don ni da na fi ta laifi ba ka taɓa korata ba. Ni na kasa sa ta yarda. 'Yarka ce, kai ka san yadda za ka yi da ita."

Muryarsa ta karye a nan, ya rufe da sunan Yesu da kyar. A cocin babu wanda ya san ko irin wannan addu'a ana ce mata amin. Shi ma bai tashi ba, bai buɗe ido ba, hannunsa yana nan inda ya ajiye shi. Ya ji fanka tana juyawa, ya ji wani jariri yana ƙananan kuka a baya. Har ya fara cire rai.

Sai ya ji motsin zane. Yatsu masu sanyi suka lalubo bayan hannunsa, suka sami babban yatsan, suka kama. Ba irin matsar da ya saba da ita ba ce. Da ƙarfi ta matse, da farce, da duk fushin watannin da ta yi tana kallon silin, kuma ba ta saki ba. Ya ji zafin har cikin kansa, ya bar mata yatsan. Daga bencin mata wata tsohuwa ta ce amin, sauran suka bi.

Da aka tashi, an zo saukar da keken, sai ga Yaya ya ture wata mata ya kama gaban da hannu biyu. Bai dubi kowa ba, yana dai gunaguni cewa za ta tashi, shi bai janye ba. Tartsatsi ya ce ya ji, ya riƙe da kyau kada ya sake yar da ita. Washegari Tartsatsi ya zo da ƙarfe da inji ya haɗa gangara a gefen matakalar ba tare da ya nemi izinin kowa ba, dattawa suka kira shi gefe, ya ce ya ji.

Malama ba ta sake takawa ba. Ana kai ta gashi, ana kai ta coci, maganarta ta ɗan saki har tana iya ce masa ya rage murya. Maƙwabta suna jin faɗansa da Allah kowace safiya ta taga, a kan ƙafar nan dai da bai haƙura da ita ba. In ka kai masa aiki ya cire safar hannu, dubi babban yatsansa na dama. Kusa da tsohon tabon ƙuna akwai sawun farce, kuma ba ya samun lokacin warkewa.